Layin da na zana da alƙalamin Photoshop ba ya fita a bugu, kuma injin yanka bai gan shi ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaninka ne, ina aiki a wani shagon buga bana da sitika a wajen Shara Mansur a Makka. Kamfanonin jirgin yawo da masu kula da alhazai sukan turo mana tambarinsu ta WhatsApp, ɗan ƙarami kuma dishi-dishi, su ce a buga shi babba a bana, ko a yi sitikar jaka da ta gilashin bas. Maigidana ya ce in riƙa sake zana tambarin da alƙalamin Photoshop. Ina zanawa, ina ganin layin da idona, amma da na adana hoton sai in neme shi in rasa. Wani lokaci in na je Stroke Path sai in tarar ya dushe, ba ya dannuwa. In ma ya yi, gefen layin ba ya fita sumul. Jiya kuma mai injin yanka ya dawo mini da fayil ya ce babu layin yanka a ciki. Don Allah a yi mini bayani daga tushe, ga Zul-Ƙida ta ƙarato."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Koke huɗu ka kawo: layi yana ɓacewa, umarnin ba ya dannuwa, gefe ba ya fita sumul, wuƙar inji ba ta ga abin bi ba. Duk huɗun uwarsu ɗaya. Abin da alƙalamin nan yake zanawa ba tawada ba ne, hanya ce kawai, wadda Photoshop ke kira Path, kuma hanyar ba ta da kauri, ba ta da launi. Sai ka gaya wa kwamfuta abin da za ta yi da ita, kuma amsar ta danganta da inda aikin zai ƙare: a fuskar waya, ko a firinta, ko a bakin wuƙa.

Abin da alƙalamin yake zanawa

Hoton da ke cikin Photoshop tarin ƙananan murabba'ai ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. A ce tambarin da aka turo maka faɗinsa fiksel 500 ne. In ka ja shi ya kai mita ɗaya a bana, kowane fiksel ya zama milimita 2, wanda ke tsaye a gaban banan zai ƙirga su da ido. Babu wata dabara da za ta ƙirƙiro abin da babu a hoton, shi ya sa maigidanka ya yi gaskiya da ya ce a sake zanawa.

Ita kuwa hanya lissafi ce. Kwamfuta ba ta ajiye hoton layin, tana ajiye wuraren da ka dasa ƙulli ne, wato ɗigon da kowace dannawar alƙalami ke bari, da tsawon hannayen da ke fitowa daga kowane ƙulli, wato 'yan sandunan da ake ja don lanƙwasa layin, da inda suka fuskanta. Duk lokacin da aka nemi layin sai ta sake lissafa shi, ko a girman katin wuya ko a girman bangon otal. Asalin lissafin daga masana'antar motoci ya fito a Faransa: Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault a shekarun 1960, kowannensu yana neman yadda zai bayyana wa inji lanƙwasar jikin mota. Kamfanin Adobe ya gina harshen firinta na PostScript a kansa a 1984, sannan manhajar zane ta Illustrator a 1987. Photoshop da ya fito a 1990 babu alƙalami a cikinsa, sai a fitowa ta biyu a 1991 aka saka, kuma babban aikinsa a lokacin shi ne zagaye abu a hoto domin a yanke shi. Wato tun haihuwarsa ɗan jagora ne. Ka tuna mai zanen babbar riga: shi yake fitar da aska takwas a kan yadi, amma riga ba ta yi ado ba sai mai ɗinki ya bi zanen da zare. Kai zanen kake yi kana adanawa, ba ka bi shi da zare ba.

Akwai kuma wata ɓacewar ta daban. Hanyar da ka fara zanawa tana zama a allon Paths da sunan Work Path, kuma ta wucin gadi ce. In ka danna wani wuri ta fita daga zaɓi, sannan ka fara sabon zane, sabuwar za ta maye gurbin tsohuwar ba tare da an tambaye ka ba. Da ka dasa ƙulli uku ko huɗu, je ka danna sunan sau biyu ka raɗa mata suna. Fayil ɗin aiki kuma ka riƙa adana shi a PSD, wato tsarin fayil na Photoshop kansa. PNG ba ya riƙe hanya ko kaɗan.

Ƙulli da hannaye

Kafin mu je kan tawada, bari in daɗe a nan, domin rabin rashin santsin da ake ɗora wa kwamfuta daga hannun mai zane yake. Yaran da suke zuwa koyon aiki a shagonmu a Jidda kusan duk abu ɗaya suke yi: su zuƙo hoton, su yi ta danna ƙulli kusa da kusa, ɗaya bayan ɗaya, suna ganin yawan ƙulli shi ne ƙwarewa. Akasin haka ne. Kowane ƙulli wuri ne da layi zai iya karyewa. Cikakkiyar da'ira ƙulli huɗu take buƙata, sama da ƙasa da dama da hagu, kowane hannu tsawonsa kusan kashi 55 cikin ɗari na nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta. In ka ga wani ya zagaye jinjirin wata da ƙulli talatin, ka san za a ga tudu da kwari a bana.

Dannawa kaɗai tana ba ka ƙulli mai kusurwa, layi miƙaƙƙe daga nan zuwa can. Dannawa tare da ja ita ke fito da hannaye biyu, layin ya lanƙwasa. Ka riƙa jan hannun zuwa inda layin zai nufa, kada ka ja shi zuwa inda ƙulli na gaba zai zauna, waɗannan wurare biyu ba ɗaya ba ne. Ƙullin kuma ka dasa shi a ƙololuwar lanƙwasa, wato inda layin ya kai iyakar hawansa zai fara sauka, ko iyakar fitarsa dama zai juyo. A irin wannan wuri hannun yakan kwanta a miƙe ko ya tsaya a tsaye, saboda haka ka riƙe Shift yayin ja, zai tsare maka shi a kusurwar digiri 45 ko 90. Tsawon hannu kuwa, ka fara da sulusin tsawon gaɓar da kake zanawa. In hannayen ƙulli biyu suka gitta juna, layin zai yi ƙusumbi ko ya naɗe.

Ɗauki kubba mai tsini a sama, wadda ba ta ƙarewa a tamburan kamfanonin Umara. Ƙulli ɗaya a gindin hagu, ɗaya a inda cikinta ya fi kumbura, ɗaya a tsinin. A tsinin nan layi yana sauya alƙibla kwatsam, to bayan ka ja hannu, kada ka saki maus: riƙe Alt, ka karya hannun ka juyo da shi ƙasa ta ɗaya gefen. Mafi kyau ma ka zana rabin kubbar kawai, ka kwafe shi, ka juya shi hagu da dama, ka haɗa. Ido ba ya yafe kubbar da gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙiba.

Yatsun hannun hagu su zauna a kan maɓallai uku. Ctrl yana mayar da alƙalami farar kibiya na ɗan lokaci, ka gyara ƙulli ko hannu, ka saki ka ci gaba. Alt na karya hannu. Dogon maɓallin tazara, in ka danne shi kana cikin jan hannu, yana ba ka damar matsar da ƙullin kansa. Ka kuma kunna Rubber Band a saitin alƙalami, wanda ke nuna maka yadda layin zai kwanta kafin ka danna. Kada ka tsaya gyara kowace gaɓa a zagayen farko. Ka zagaye duka, ka rufe hanyar a kan ƙullin farko inda za ka ga ɗan zobe ya bayyana kusa da bakin alƙalami, sannan ka dawo da farar kibiya ka daidaita. Tun fitowar CC 2018 akwai wani alƙalamin mai suna Curvature da ke lanƙwasa layi da kansa. Yana da daɗi ga sabon hannu, amma ni ba na barin almajiri ya fara da shi, domin ranar da ya ba shi lanƙwasar da ba ita yake so ba, bai san hannun da zai taɓa ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kada ka bi hoton WhatsApp sau da ƙafa. Matse hoton da aka yi ya cinye kusurwoyi ya kumbura wasu wurare. Ka tambayi kanka abin da mai zanen farko ya nufa. In wuri ya yi kama da da'ira, to da'ira ce, ɗauko kayan zana da'ira ka dasa. In layi biyu sun yi kama da masu kauri ɗaya, ba su kauri ɗaya. Kuma kafin ka ɓata awa biyu, ka kira kamfanin ka roƙi asalin fayil ɗin a PDF ko AI ko CDR, a turo shi ta WhatsApp a matsayin takarda, wato Document, ba hoto ba. Sau da yawa yana nan a kwamfutar wanda ya yi musu a Kano ko Yamai, ba a dai tambaya ba ne.

Dalilin da umarnin yake dushewa

Stroke Path ma'anarsa ita ce: ɗauki buroshi ka bi wannan hanya ka zuba fiksel. To fiksel ɗin sai an sami wurin zuba su. In leyar da kake kai, wato shimfiɗar da ke a zaɓe cikin shimfiɗun da aka jera a fayil ɗin, ta rubutu ce, ko ta siffa, ko hoton da ka jawo ya shigo a matsayin Smart Object, ko leyar a ɓoye take ko a kulle, babu inda za a zuba, sai umarnin ya dushe. Ina kyautata zaton na ukun ne ke kama ka, domin duk hoton da aka ja aka jefa cikin fayil a buɗe haka yake shigowa. Maganin bai wuce daƙiƙa biyu ba: buɗe sabuwar leya fanko a sama, ka tabbata ita ce a zaɓe, ka koma allon Paths ka danna sunan hanyar ya yi haske. Wannan sabuwar leya ma ita ce daidai ko da umarnin bai dushe ba, don kada ka shafa tawada a kan hoton asali.

Abu na biyu, akwatin da ke buɗewa ba ya tambayarka kauri ko launi. Yana ɗaukar buroshin yadda ka bar shi ne a amfani na ƙarshe. Saboda haka tun kafin ka kira umarnin, danna B, zaɓi buroshi mai zagaye, taurinsa ɗari bisa ɗari, saka girman da kake so, saka launin gaba, wato wanda buroshi zai zuba. A cikin akwatin kuma duba abin da aka zaɓa. Yakan zo a kan Pencil, shi kuwa fensir ba ya tausasa gefe, kowane fiksel ko baƙi ko fari, shi ya sa lanƙwasa ke fita da matakala. Mayar da shi Brush. In buroshi na hannunka kuma hanya na zaɓe, danna Enter kaɗai ya isa.

In ka yi haka amma gefen layin yana ɗan kumbura yana shiga, musamman layi mai kauri, to tazara ce. Buroshi ba ja yake yi ba, tambari yake bugawa ɗaya bayan ɗaya, kuma tazarar da yake zuwa da ita kashi 25 cikin ɗari ce na faɗinsa. A buroshi mai fiksel 8 ba za ka lura ba. A mai 200 za ka ga bakin kowane zagaye. Danna F5, ka sauke Spacing zuwa tsakanin 1 da 5. Sai ɗan akwatin Simulate Pressure: in ka sa masa alama, layin zai fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare siriri, matuƙar an saita girman buroshin ya bi nauyin hannu. Yana kyau a ƙawar da ake ja ƙarƙashin suna, amma a bakin tambari ka cire shi.

Sai lissafin kauri, wanda nan ne ake yawan asarar leda. Fiksel ba ma'auni ba ne sai an san yawansu a inci. Layi mai fiksel 10 a fayil mai 300 a inci bai kai milimita ɗaya ba, 0.85 ne. Shi ɗin dai a fayil mai 72 a inci milimita 3.5 ne. Ga sitikar jaka da ake kallo a hannu, ka yi aiki a 300, inda milimita ɗaya ta kusa fiksel 12. Ga bana mai mita 3 da za a rataya a ƙofar masauki, 100 a inci ta wadatar, faɗin fayil ɗin ya kama fiksel 11,811, layi mai milimita 5 kuma ya kama fiksel 20. Ka buɗe fayil a girman bugun tun farko, ka girmama hanyar, sannan ka bi ta da buroshi. In ka bi ta tana ƙarama sannan ka ja leyar, ka koma gidan jiya, domin da zarar buroshi ya wuce, abin da ya bari fiksel ne kamar na WhatsApp.

Ra'ayina game da tambari

Duk abin da na faɗa a kan buroshi na faɗe shi ne don ka san inda matsalar take. Amma ga aikin da ka kwatanta, ba ta nan zan bi ba. Stroke Path na da amfani in kana son layi mai kamannin alli ko gashi ko hayaƙi, ko kana son abin gogewa ko na duhunta wuri ya bi wata lanƙwasa a hoto. Tambari kuwa layi mai tsafta yake so wanda za a iya canza wa kauri gobe.

A saman allo ta hagu, in alƙalami na hannunka, akwai zaɓi tsakanin Path da Shape. Zaɓi Shape. Yanzu abin da ka zana leya ce mai zaman kanta, da cikinta da bakinta, kuma tun fitowar CS6 a 2012 ana iya ba bakin kauri da launi, a yi shi yanke-yanke ko ɗigo-ɗigo, a canza duk lokacin da aka so. Nan za ka zaɓi ko kaurin ya zauna cikin hanya, ko a tsakiyarta, ko a waje. Ga hanyar da ba a rufe ba, sa shi a tsakiya. Za ka kuma zaɓi yadda kusurwa za ta kasance, mai tsini ko mai zagaye ko yankakkiya. Tauraro da tsinin hasumiya suna son mai tsini, sai dai in kusurwar ta yi matsi ƙwarai tsinin yakan yi tsawo fiye da kima, manhajoji da yawa kuma sukan datse shi da kansu. Bayan ka girmama siffa, koma ka duba lambar kaurin, kada ka ɗauka ta girma tare da ita. In za ka fitar, PDF ne ke riƙe siffar a matsayin lissafi. JPEG da PNG suna mayar da komai fiksel.

Gaskiyar da ta fi wannan kuma: wanda zai riƙa sake zana tambura kullum, ya koyi Illustrator ko CorelDRAW ko Inkscape. Alƙalamin ɗaya ne, hannun da ka horar a nan shi zai yi maka aiki a can. A shagunan alluna CorelDRAW ya daɗe da kafuwa, ka duba wanda mai injinku yake amfani da shi ka bi shi. Inkscape kyauta ne, ba ruwanka da biyan riyal kowane wata, kuma ya isa wannan aiki. Dukkansu suna da umarnin bin hoto da kansu su fitar da hanya. A kan tambari baƙi da fari mai girma yana yin abin kirki. A kan irin naka dishi-dishi zai ba ka ɗaruruwan ƙulli, gyaransu ya fi sabon zane cin lokaci.

In kwamfutar shagon GIMP ce a kanta, wata manhajar gyaran hoto irin Photoshop, ka'idar ba ta canza ba. B ne ke ɗauko kayan zana hanya, a GIMP 2.10 kuma ana rufe ta da riƙe Ctrl a danna ƙullin farko. Akwatin Stroke Path nasa ma ya fi na Photoshop bayani, domin a ciki kake rubuta kaurin, har da milimita, ka zaɓi kusurwa da yanke-yanke. Abin da ya zuba dai fiksel ne, amma yana fitar da hanyar kanta a SVG.

Rubutun Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa

Tunda a Makka kake, wannan zai same ka ko bai riga ya same ka ba. Ka rubuta sunan kamfani da Larabci, ka mayar da rubutun siffa, ka ba shi farin baki domin ya fito a kan kore. Sai ka ga farin layi ya ratsa cikin kalmar a duk inda harafi ya haɗu da harafi, tsakanin ha da jimi, tsakanin mimi da kafi. Dalili shi ne kowane harafi siffa ce daban, an ɗan ɗora wutsiyar wani a kan wani don su haɗe a ido. Baki kuwa kowace siffa yake zagayewa. Dole ka narkar da su su zama ɗaya kafin ka ba su baki: a Photoshop Merge Shape Components, a Illustrator Unite, a CorelDRAW Weld. In ba ka yi ba kuma aka kai wa injin yanka, wuƙa za ta datse kalmar harafi-harafi, mai liƙawa ya yi ta tsintar gutsattsari a gilashin bas cikin rana. Bayan narkarwa ka duba cikin wawu da fa da mimi, ka tabbata ramukansu ba su toshe ba. Ka kuma ajiye kwafin rubutun da ba a mayar siffa ba, domin da zarar ya zama hanya ba a gyara harafi, su kuwa masu kamfani sai an gama suke tuna lambar waya ta canza.

Rubutun Larabci na salon sulusi ko diwani da mai alƙalami ya yi da hannu, in shi ne a tambarin, kada ka zana shi da layi ɗaya ka ba shi kauri. Kaurinsa yana canzawa ne da karkatar bakin alƙalamin kara, saboda haka gefe biyu na kowane harafi ake zagayewa a cika ciki. Aiki ne mai cin lokaci, ka sa kuɗinsa daban.

A ɓangaren boko kuma, yawancin salon rubutun da ke kwamfutocin shagunan nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an buga wa alhazai "kofa" a inda ake nufin ƙofa, ko harafi ɗaya ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Da alƙalami a hannunka wannan ya zo da sauƙi. Mayar da kalmar siffa, kwafo lanƙwasar saman harafin f na wannan salon, ka dasa a kan sandar k, ka narkar. Kaurin zai dace domin daga gida ɗaya suka fito.

Abin da wuƙa take nema

Mai injin bai yi maka rowa ba. Injin yankan sitika ba ya ganin hoto, hanya yake bi, kuma tsakiyarta yake bi, bai damu da kaurin da ka ba ta ba. Layin da ka shafa da buroshi, a wurinsa babu shi. Haka kuma in ka zana zobe a Illustrator ka ba shi baki mai milimita 5, wuƙa za ta yanka da'ira ɗaya ce kawai. In zoben kake so a yanko, sai ka mayar da kaurin kansa siffa mai gefe biyu: Outline Stroke a Illustrator, Ctrl da Shift da Q a CorelDRAW, Stroke to Path a Inkscape.

Sitikar jaka da ake bugawa sannan a yanke zagayenta tana buƙatar abu biyu a fayil ɗaya: hoton, da hanyar yanka a leyarta daban, rufaffiya, guda ɗaya tak. In hanya biyu suka hau kan juna wuƙa za ta bi sau biyu, ta huda takardar baya. Launin ƙasan sitikar ya zarce layin yanka da milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, domin inji yakan ɗan kauce, in babu wannan rarar sai farin baki ya fito a gefe ɗaya. Rubutu kuma ya nisanci layin ta ciki da kamar haka. Kusurwoyin sitikar ka ɗan zagaye su, masu tsini su ne ke fara ɓallewa in jaka ta sha jifa tsakanin Mina da filin jirgin Jidda. Injinan Roland, ta manhajarsu VersaWorks, suna gane layin yanka ne in an ba shi launi na musamman mai suna CutContour, da manyan C guda biyu, ba tazara. Wasu injinan da nasu tsarin, saboda haka tambayi mai injin sunan da nasa yake karanta da irin fayil ɗin da yake so.

In ka riga ka yi zanen a Photoshop, aikinka bai tafi a banza ba. A ƙarƙashin File, cikin Export, akwai Paths to Illustrator. Fayil ɗin da zai fito in an buɗe shi za a ga kamar fanko, domin hanyoyin ba su da launi. Danna Ctrl da A za su bayyana, sai a ba su baki.

Ban ga fayil ɗinka ba, don haka abin da na ce game da dushewar umarnin zato ne mafi rinjaye, ka bi dalilan ɗaya bayan ɗaya. Alƙalamin kansa ma yana da iyaka. Yana yanke mota da kwalba da gini da kyau, musamman in ka zuƙo hoton zuwa kashi 200 ko 300 ka bi ta cikin gefen da rabin fiksel zuwa ɗaya, sannan ka danna Ctrl da Enter hanyar ta zama zaɓi. Amma gemun shugaban kamfani da za a sa a bana, ko bakin mayafi mai shara-shara, ba aikinsa ba ne, wannan sai abin rufe fuskar leya, wato Layer Mask, da buroshi mai laushi.

Kafin cunkoson Zul-Ƙida, zauna da mai injin ku yi gwaji a kan ragowar leda: sitika ɗaya mai da'ira, ɗaya mai kalmar Larabci da aka narkar, ɗaya mai ƙananan haruffa. Ku ɓare su da hannu ku ga ƙaramin harafin da wuƙarsa take iya fitarwa ba tare da ya yage ba, ka rubuta tsawonsa da milimita a jikin bangon da ke gaban kwamfutarka, kada ka sauka ƙasa da shi ko da mai kamfani ya matsa a cusa lambobin waya huɗu a sitika ɗaya.